Me ke faruwa a mahaɗa idan bim ya gicciye bim, ko haske ya gicciye haske?

Wani ɗalibin injiniyancin gini ya aiko da tambaya. Ya ce ya lura Turanci yana amfani da kalma ɗaya wajen kiran gungumen kankaren da ke ɗauke da dakin (shimfiɗar kankaren bene) da kuma tsirkiyar hasken da ke fita daga tocila, wato kalmar da maginanmu suka ara suka ce bim. Sai yake so ya san dalilin da ya sa malamansa suke ɗaukar mahaɗar bim biyu a gini da matuƙar muhimmanci, alhali hasken tocila biyu yana ratsa juna ya wuce kamar babu abin da ya faru, kuma ko akwai wata ƙa'ida da ta haɗa al'amuran biyu ko kuwa dacewar suna ce kawai.

Ɗan'uwa, akwai ƙa'idar da ta haɗa su, amma kafin a kai gare ta sai an fahimci abin da ya raba su. Bim biyu na kankare da aka zuba su tare, inda suka haɗu sun zama jiki ɗaya, saboda haka dole ne su sauka tare idan an ɗora musu nauyi. Ɗaya ba zai lanƙwasa da milimita 10 a mahaɗar, ɗayan ya lanƙwasa da milimita 4 ba, sai dai idan wurin ya tsage. Wannan tilas ɗin shi ne tushen duk lissafin da ake yi a kansu. Tsirkiyoyin haske kuwa babu abin da ya ɗaure su da juna, suna iya zama a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da ɗaya ta tura ɗaya ba, domin ƙwayoyin haske ba su ɗauke da cajin lantarki, ba kamar ƙwayoyin zarrar ƙarfe da dutse ba, waɗanda lantarkin da ke kewaye da su ke hana su kutsawa cikin juna.

Bari mu fara da gini, tunda can ne sana'arka. A ɗauka akwai falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, an gicciya bim biyu a tsakiyarsa, kowanne yana zaune a kan bango ta bakinsa biyu, kaurinsu ɗaya, kankarensu ɗaya, sannan aka dasa ginshiƙi daga bene na sama daidai kan mahaɗar, yana sauke nauyin tan 10. Yawancin mutane, har da wasu 'yan kwangila, za su ce kowane bim ya ɗauki tan 5. Ba haka abin yake ba. Saukar da bim yake yi a tsakiyarsa idan an danna shi a nan tana ƙaruwa ne gwargwadon tsawonsa idan an ninka shi a kansa sau uku. Mita 4 ya ba da 64, mita 6 ya ba da 216, wato gajeren ya fi dogon tauri kusan sau 3.4. Tunda kuwa dole su sauka daidai da juna, mai taurin ne zai sha wahala: gajeren zai ɗauki kusan tan 7.7, dogon ya ɗauki tan 2.3 kacal. Da a ce dogon mita 8 ne, da rabon ya zama takwas da ɗaya, gajeren yana ɗauke da kusan kashi 89 cikin ɗari, dogon kuwa kusan ɗan rakiya ne, yana cin siminti da rodi ba tare da ya biya kuɗinsa ba.

Nauyi a gini yana bin tauri ne, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Wannan shi ya sa injiniya yake da ikon juya nauyin zuwa inda yake so, ta hanyar wasa da zurfin bim. Taurin bim mai kusurwa huɗu yana ƙaruwa da faɗinsa sau ɗaya kawai, amma yana ƙaruwa da zurfinsa ninki uku a kan kansa. Idan a misalinmu aka bar gajeren a kan milimita 225 da 450, wato faɗin bulo mai inci tara, aka zurfafa dogon zuwa milimita 600, taurinsa zai ƙaru kusan sau 2.4, sai rabonsa ya tashi daga tan 2.3 zuwa kimanin tan 4. Ƙarin milimita 150 kawai ya sauya hanyar da nauyin ke bi zuwa ƙasa, ya sauya abin da kowane bango da kowane harsashi zai karɓa. Saboda haka ne nake ganin kuskure ne babba a bar kafinta ya rage zurfin bim ɗaya don silin ya yi kyau, ba tare da an koma wa lissafi ba. Ba bim ɗin da aka rage kaɗai abin ya shafa ba, abokin gicciyarsa ma an ƙara masa kayan da ba a shirya masa ba.

Wannan hujjar ce take bayan ƙa'idar da kuka koya game da dakin, cewa idan tsawon ɗaki ya wuce faɗinsa sau biyu, a ɗauke shi a matsayin mai kai nauyi ta alƙibla ɗaya, wato ta faɗinsa. Dakin kamar ɗimbin siraran bim ne da suka gicciye juna, kuma da yake nauyin a shimfiɗe yake, rabon yana bin tsawo ninki huɗu, don haka a ɗaki mai tsawo biyu da faɗi ɗaya rabon ya zama 16 da 1. Manyan zauruka da ake yi wa rufin kankare mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma suna cin moriyar gicciyar ne sosai idan zauren ya kusa zama murabba'i. Injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi ya yi suna a kan irin wannan rufi, ya gina rumfunan jiragen sama a Orvieto a shekarun 1930 da haƙarƙarin kankare masu ratsa juna, har daga baya ya riƙa lanƙwasa haƙarƙarin su bi hanyoyin da nauyi ke bi a cikin dakin.

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wannan da hannu tun kafin a rubuta shi da alƙalami. Azara ɗaya ta giginya ba ta iya tsallake fiye da kimanin mita biyu ɗauke da jiɓgin ƙasa, shi ya sa ake fara gicciya azara a kusurwoyin ɗaki don a rage tazarar, ko kuma a tayar da bakan gizo daga bangaye huɗu su haɗu a tsakiya, abin da ake kira ɗaurin guga. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya ga yadda ake raba babban rufi zuwa ƙananan fannoni da azara za ta iya tsallakewa. Baka ba bim ba ne sak, domin yana kai nauyinsa ƙasa ne ta hanyar matsewa fiye da lanƙwasawa, amma tunanin raba kaya a mahaɗa iri ɗaya ne.

A wurin aiki kuwa, lissafin rabo ba shi ne ya fi ba da wahala ba, mahaɗar kanta ce. A mafi yawan gidaje ba bim biyu masu daraja ɗaya ne suke haɗuwa ba, ƙarami ne yake zuwa ya rataya a jikin babba. Ƙaramin yana sauke nauyinsa ne a ƙasan cikin babban, yana jan ƙasan zuwa ƙasa, don haka ana buƙatar ƙarin zobban rodi a daidai wurin, waɗanda za su ɗaga wannan nauyi su kai shi saman babban bim inda kankare ke matse. Dole kuma rodin ƙasa na ƙaramin ya hau kan rodin ƙasa na babban. Idan aka juya, ƙaramin ya shiga ta ƙarƙashi, to yana rataye ne a kan siririn kankaren da ya rufe rodi, wanda bai wuce milimita 25 ko 30 ba. Idan ƙaramin ya shigo ta gefe ɗaya ne kawai, kamar a bim ɗin bakin gini, yana kuma murɗa babban, kuma kankare ba ya jure murɗa, sai ka ga tsaga tana zagaya shi a karkace.

Sai cunkoso. A faɗin milimita 225 za a ga rodi uku ko huɗu daga gabas, wasu daga kudu, ga na ginshiƙi idan akwai, ga zobba, duk a wuri ɗaya, kuma tsakuwa mai girman milimita 20 ce za ta ratsa tsakaninsu. Tsohuwar ƙa'idar gini ta Birtaniya, BS 8110, wadda injiniyoyin Najeriya da yawa suka taso a kanta, ta ce tazarar da ke tsakanin rodi kada ta gaza girman tsakuwa da ƙarin milimita 5. Idan ba a kiyaye ba, tsakuwa takan maƙale a sama, ruwan siminti kaɗai ya zurara, idan an cire katako a tarar da ramuka a wurin da ya fi ko'ina buƙatar ƙarfi. Na taɓa tarar da wani gini inda mai ɗaurin rodi ya ga wurin ya matse, sai ya cire zobba huɗu daga mahaɗar don kankare ya samu hanya, birkila kuma ya shafe ramukan da suka rage da filasta kafin kowa ya iso. Niyyarsa mai kyau ce, amma abin da ya cire shi ne ainihin abin da ke riƙe da ƙaramin bim. Laifin ma ba nasa kaɗai ba ne, domin zanen da aka ba shi ya nuna kowane bim shi kaɗai, ba a zana mahaɗar ba. Haka nan masu aikin famfo suna son huda bim kusa da mahaɗa don wuce bututu, alhali nan ne ƙarfin yanka, wato ƙarfin da ke neman datse bim, ya fi yawa.

A ginin ƙarfe matsalar takan sauya kama. Bim biyu ba za su ratsa juna ba, dole a yanke ɗaya, a fere leɓensa na sama don ya shiga ƙarƙashin leɓen babban, a ɗaure shi da noti ko walda, kuma ferewar tana rage masa ƙarfi daidai inda yake miƙa kayansa. Misalin da ake koyarwa a ko'ina kan haɗarin raina mahaɗa shi ne abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka ranar 17 ga Yuli, 1981. Gadoji biyu na tafiya da ƙafa suna rataye, ɗaya a saman ɗaya. A zanen farko sandar ƙarfe guda ce za ta sauko daga rufi ta ratsa bim ɗin gadar sama ta kai ga ta ƙasa. Wajen ƙira sai aka mayar da ita sanda biyu, ta yadda gadar ƙasa ta koma rataye a jikin bim ɗin gadar sama, nauyin da ke kan noti ɗaya ya ninka. Bim ɗin ya yage a wurin, mutum 114 suka mutu.

Yanzu mu koma ga haske. Wanda ya fara gwada wannan tambaya taka da gwaji na tsanaki shi ne Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce. A littafinsa Kitabul Manazir ya bayyana yadda ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu, haskensu duka yana shiga ta ƙaramar kafa ɗaya, sai ga ɗigon haske daban-daban a bangon ciki, kowanne yana fuskantar fitilarsa. Da ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace, sauran ba su motsa ba. Ya kammala da cewa haskoki ba sa cakuɗewa a iska ko da sun bi ta kafa ɗaya. A 1690 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya kafa hujja da wannan cewa haske igiya ce kamar igiyar ruwa, domin da a ce tsakuwoyi ne ake harbowa, da sun yi karo. Kai ma kana iya gwadawa da daren hunturu, lokacin da hazo ke sa a ga tsirkiyar tocila a iska. Abin da za ka gani shi ne mahaɗar ta fi haske, saboda ƙurar da ke wurin tana samun haske daga wuri biyu, amma kowace tsirkiya ta fita da launinta da alƙiblarta. Haka tashoshin rediyo masu yawa suke ratsa ɗakinka a lokaci ɗaya ba tare da sun ɓata juna ba.

Sai dai cewa babu abin da ke faruwa a mahaɗar ya wuce gona da iri. A cikin mahaɗar igiyoyin biyu suna taruwa: inda tudu ya hau tudu tsayin ya ninka, ƙarfin haske kuma ya zama sau huɗu, inda tudu ya faɗa kwari kuwa sai duhu. Ba a ƙirƙiri makamashi ba, ba a kuma rasa shi ba, an sake raba shi ne zuwa ratsi-ratsi na haske da duhu. Thomas Young ya nuna wannan a Ingila a farkon shekarun 1800. Dalilin da ya sa ba ka ganinsa da tocila biyu shi ne haskensu ba ya tafiya da taki ɗaya, ratsin yana sauya wuri da saurin da ido ba zai bi ba, sai ka ga matsakaicinsa, wato sau biyu. Idan aka raba hasken leza ɗaya gida biyu aka sake gicciya su, ratsin yakan tsaya cak.

Kuma ana iya lissafa tazarar ratsin daga abu biyu, tsawon zangon hasken, wato tazarar da ke tsakanin tudu da tudu a igiyarsa, da kusurwar gicciyar. Jan leza na hiliyom da niyon yana da zango mai tsawon nanomita 633 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Idan tsirkiyoyin suka haɗu a kusurwar digiri 10, tazarar ratsin kusan maikromita 3.6 ce (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙasa da kaurin gashi sau da yawa. Daga nan aka samu na'urar auna gudun ruwa da iska ba tare da an tsoma komai a ciki ba, wadda aka fara gwada tushenta a 1964: ƙwayar ƙura da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa idan ta ratsa waɗannan ratsi za ta yi ƙyalli kusan sau 275,000 a daƙiƙa, sai a ƙirga ƙyallin a san gudun. Hoton hologiram, wanda Dennis Gabor ya samu kyautar Nobel a kansa a 1971, ba komai ba ne illa irin wannan ratsi da aka kama a kan faranti. Na'urar LIGO a Amurka, mai hannaye biyu masu tsawon kilomita 4 kowanne, da sake haɗa tsirkiyoyi biyu ne ta gano igiyoyin nauyi na sararin samaniya ranar 14 ga Satumba, 2015.

Akwai kuma amfanin da bai dogara da ratsi ba sam, ya dogara ne kawai da cewa mahaɗa ta fi ko'ina samun rabo. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin Lars Leksell ya ƙirƙiro na'urar Gamma Knife a ƙarshen shekarun 1960, inda tsirkiyoyi kusan 200 na hasken gama ke shiga kai ta kusurwoyi daban-daban, kowace ita kaɗai ba ta da ƙarfin yin illa mai yawa ga naman da ta ratsa, amma duk suna haɗuwa a kan ƙarin da ya tsiro a ƙwaƙwalwa. A cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Kalifoniya, tsirkiyoyin leza 192 ne ake tarawa a kan ɗan ƙaramin abu, kuma ranar 5 ga Disamba, 2022 aka samu makamashin da ya fita daga haɗewar ƙwayoyin zarra ya zarce wanda lezar ta kai wurin.

To, ina ƙa'idar da ta haɗa fannonin biyu? Ita ce ƙa'idar tarawa. A haske, tasirin igiya biyu a wuri ɗaya shi ne jimillar tasirin kowace. A gini ma, muddin kayan suna bin dokar Robert Hooke ta cewa miƙewa tana daidai da jan da aka yi, kana iya lissafa saukar bim saboda nauyin bango daban, saboda nauyin dakin daban, ka tara. Da wannan ƙa'idar ce ma muka warware misalin tan 10 ɗin: mun raba bim biyun a tunani, muka sanya ƙarfin da ba mu sani ba a tsakaninsu, muka nemi adadin da zai sa saukarsu ta zo ɗaya. Bambancin shi ne a gini akwai wannan ƙarfi na tsakani da sharaɗin sauka tare, a haske kuwa babu shi, don haka tarawar tana ƙarewa a cikin mahaɗar, kowace tsirkiya ta ci gaba da tafiyarta.

Iyakar ƙa'idar ma ta yi kama a ɓangarorin biyu. Da zarar kankare ya tsage ko rodi ya fara saki, taurin bim ya ragu, sai rabon nauyi ya sauya, abokin gicciyarsa ya karɓi ƙari, kuma ba za ka ƙara iya tara lissafi kai tsaye ba. Wannan wani lokaci rahama ce, domin ginin da ke da hanya biyu ta sauke nauyi yakan yi gargaɗi da tsaga kafin ya faɗi, in dai mahaɗar tana da rodin da zai iya miƙa kayan. A haske ma, idan ƙarfinsa ya yi yawa ƙwarai kuma yana ratsa wasu duwatsu masu sheƙi, dutsen yakan daina amsawa daidai gwargwado, sai ya zama ɗan tsakani da tsirkiyoyi ke musayar makamashi ta jikinsa. A 1961 Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka harba jan leza mai zangon nanomita 694 cikin dutsen kwatz, wani ɗan kaso ya fito da zangon nanomita 347. Koren lezar nuni da ake sayarwa a kasuwa mafi yawansu da wannan dabarar suke aiki, suna mayar da hasken nanomita 1064 da ido ba ya gani zuwa kore mai 532. Ko a sararin da babu komai, ƙa'idar kimiyyar ƙwayoyin zarra ta yi hasashen cewa ƙwayar haske na iya karo da 'yar'uwarta, kuma masu gwajin ATLAS a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba sun ba da rahoton shaidar hakan a 2017, daga karon ƙwayoyin dalma masu tsananin gudu. Abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, ba zai taɓa shafar tocilarka ko lezar awon da ake kafawa a wurin gini ba, wadda layukanta biyu ke gicciye juna a bango su nuna maka daidai inda tsakiyar mahaɗar bim za ta zauna.

Shawarata gare ka a matsayinka na ɗalibi ita ce, duk lokacin da aka ba ka zanen da bim ya haɗu da bim, ka fara tambayar wane ne ke ɗauke da wane, ka kwatanta tsawonsu da zurfinsu kafin ka buɗe kwamfuta, sannan ka zana mahaɗar da girmanta na gaskiya a takarda, rodi bayan rodi, ka ga ko tsakuwar milimita 20 za ta wuce. Idan ka samu damar zuwa wurin aiki, ka je ranar da aka gama ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, ka leƙa mahaɗar da tocila, ka ƙirga zobban da ke ciki ka gwada da abin da ke zane.